Agogon Auna Damuwa Bayan Wata Huɗu a Hannuna

Na sayi agogon a wani shagon wayoyi a Kano, makonni kaɗan bayan likita ya tabbatar mana cewa abin da muke kira gigin tsufa a wurin Baba cutar mantuwa ce. Da mai shagon ya ji labarin, sai ya ɗaura mini shi a wuyan hannu ya ce, "Alhaji, wannan zai riƙa gaya maka duk lokacin da damuwa ta fara cin ƙwaƙwalwarka." Maganar nan ce ta sa na zaro kuɗi, don haka da ita zan auna agogon.

A bayansa akwai wata koriyar fitila da ke haska fata tana bin gudun jini, kuma daga nan yake lissafa tazarar da ke tsakanin bugun zuciya ɗaya da mai bi masa. Idan jiki yana cikin natsuwa tazarar takan riƙa sauyawa, idan kuwa hankali ya tashi sai bugun ya jeru kusan daidai wa daida, agogon kuma ya mayar da hakan maki daga 0 zuwa 100. A wannan aikin na yaba masa. Daren da Baba ya farka ƙarfe biyu ya sa hula ya nufi ƙofa, yana cewa zai je kasuwar da ya bar zama shekara goma da suka wuce, makin ya haura 80, bai sauko ba sai bayan sallar asuba. Sai dai haka ma ya haura ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama ni, da kuma yammacin da na sha shayi mai kauri kofi uku wurin ɗaurin aure, ina cikin nishaɗi. Cajinsa yana kai ni kwana biyar, abin da ya isa a garin da wutar lantarki ke zuwa yadda ta ga dama.

Batun ƙwaƙwalwa kuwa ya fi ƙarfin fitilar nan. Damuwar da ta daɗe tana sa jiki ya yi ta zuba sinadarin kotisol daga wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai adana sababbin abubuwa yana cikin wuraren da sinadarin ya fi taɓawa. A cikin ƙwaƙwalwar akwai ƙwayoyin garkuwa da ake kira maikurogiliya, waɗanda masanin Sifaniya Pío del Río Hortega ya bayyana a 1919. Su ne masu shara da gadi, domin suna kwashe matattun ƙwayoyi, suna rage mahaɗan jijiyoyin da ba a amfani da su, suna kuma cinye daskararren sinadarin amiloyid da ke taruwa a cutar Alzheimer, wadda nau'i ce ta cutar mantuwa. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa matsi na tsawon lokaci yana harzuƙa su, su koma fitar da sinadaran kumburi, mai gadi ya zama yana ɓarna a gidan da aka ba shi tsaro. A 2013 an gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda ke aiki a cikin waɗannan ƙwayoyi, yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar. A ɓangaren mutane, binciken da aka fara a 1968 a birnin Gotenbag na Suwidin ya bibiyi mata fiye da 1,400 har shekara 35, ya kuma samu cewa waɗanda suka yi ta fama da damuwa a tsakiyar shekarunsu sun fi kamuwa da mantuwa a tsufa. Duk cikin wannan babu abin da agogon ke iya gani, kama daga kotisol har zuwa maikurogiliya. Zuciya kawai yake saurare, kuma takardar da ke cikin kwalinsa ma ta rubuta da ƙananan haruffa cewa shi ba na'urar asibiti ba ne. Mai shago ya yi cika baki irin na kasuwa.

Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da gyara su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, shan taba, ciwon baƙin ciki mai tsanani da kaɗaici. Damuwa a karan kanta ba ta cikin jerin, kodayake tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wasu daga cikinsu. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi abu biyu ba, na'urar awon hawan jini mai ɗauri a damtse ta fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Amfanin da na samu na gaske ya zo ta hanyar da ban zata ba. Jadawalin barcin da agogon ke ajiyewa ya nuna cewa na yi makonni ban cika awa biyar a dare ba, shi na buɗe wa Yaya da ƙanena a waya ranar wata Juma'a, kuma tun daga ranar muka raba kwanan jinyar Baba tsakaninmu mu uku.