Harsashi bakwai, na ƙarshe na Shaiɗan

Wata biyu ke nan da na sayi faifan Der Freischütz, wata opera ta Jamus (wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa), wadda Carl Maria von Weber ya tsara kiɗanta. Wanda na samu shi ne ɗaukar da Carlos Kleiber ya jagoranta da makaɗan Dresden a 1973. Jamusancina bai taka kara ya karya ba, don haka da ɗan littafin cikin kwalin nake bin labarin.

Max mafarauci ne da hannunsa ya daina sa'a, ga shi sai ya ci gasar harbi kafin a ba shi auren Agathe. Abokinsa Kaspar ya ja shi wani kwazazzabo da tsakar dare su ƙera harsashi bakwai na tsafi: shida za su sami duk abin da aka auna, na bakwai kuwa Shaiɗan ke juya shi yadda ya so.

Wannan fage na kwazazzabo shi kaɗai ya biya ni kuɗina. Kaspar yana ƙirga harsasan ɗaya bayan ɗaya, amsa-kuwwa na maimaita masa, kiɗan yana ƙara hauka da kowace lamba. Na saurare shi da dare ni kaɗai, sai da na tashi na kunna fitila. Muryar Gundula Janowitz a matsayin Agathe kuwa, tas kamar ruwan rijiya.

A nan na gane abin da ya ruɗa mutanen Berlin bayan an fara nuna ta ranar 18 ga Yuni 1821. Garin ya saba da ƙasaitar wasannin Spontini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, sai ga labarin daji da mafarauta a harshensu. Marubucin waƙoƙi Heinrich Heine ya yi ƙorafi a 1822 cewa waƙar ƙawayen amarya ta hana shi sakat, ko'ina ya bi ana rera ta. Gaskiyarsa, ni ma kwana uku tana yawo a kaina.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne wuraren magana zalla. 'Yan wasa daban aka ɗauko su karanta su, sai ka ji Max mai magana da Max mai waƙa kamar ba mutum ɗaya ba. Yanzu tsallake su nake yi, ban da na kwazazzabo.