Na yanke sifirin ɗin motata don ta kwanta: abin da na gani cikin wata 4

Tun da na sayi Honda Accord ɗina ta 2005, wadda muke ce wa EOD, abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya: ratar da ke tsakanin taya da jikin mota. Na saka mata wili mai inci 17, amma ta tsaya zoƙai-zoƙai kamar zalɓe. Duk yamma in na ga samari suna shawagi tsakanin Jekadafari da Tumfure, motocinsu a kwance luf, sai raina ya biya. Wani abokina ya ce ai ba sai na sayi komai ba, akwai gareji a nan Gombe da ake yanke sifirin, kafin la'asar an sallame ni.

Ba zan kama sunan garejin ba, don ni na kai kaina, kuma mai wurin bai rufe ni ba. Dattijo ne, ya kalle ni ya ce, "Ɗana, motar ta hawa ce ko ta ɗaukar hoto?" Na ce, "Baba, a dai yanke." Ya ce, "To, kuɗinka ne," ya haɗa ni da yaransa.

Suka kwance shokazoba huɗu, suka zare sifirin, suka rage wa kowanne zagaye ɗaya da rabi. Na gaba da injin yankan ƙarfe aka yi. Ana zuwa kan na baya aka ɗauke wuta, sai aka kira mai walda ya ƙarasa da wutar gas. Abin da na biya bai kai kuɗin cika tanki ba.

Gaskiya ɗaya ce, motar ta yi kyau. Ta sauka kamar yatsu uku, kuma a kan kwalta mai santsi ta rage tangaɗi a kwana. Mako biyu ina wanke ta safe da yamma. Iyakar alherin da zan iya faɗa ke nan.

Daga nan tudun rage gudu ya zama abokin gabata. Kowane bam sai na bi shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, 'yan Keke Napep na danna mini oda. In mutum uku suka zauna a baya, salansa sai ta gogi ƙasa. Layinmu ba kwalta, da damina ta zaizaye bakin hanya na koma ajiye mota a ƙofar maƙwabci. Ƙaramin rami kuwa, sai ka ji gum har cikin haƙoranka.

Sai daga baya na gane dalili. Sifirin sandar ƙarfe ce aka naɗe, in ka rage zagayenta tauri take ƙarawa: mai zagaye 8 masu aiki in aka cire 1, taurinsa na ƙaruwa da kusan kashi 14 cikin 100. Amma wannan ɗan taurin ba ya rama tazarar da ka cinye. Shokazoba na da iyakar da zai nutse, kai kuma ka riga ka danne shi tun mota na tsaye, don haka da an faɗa rami sai ya kai ƙarshe ya daki robar tsayarwa. Ba a ƙera shi don wannan dukan ba. Nawa na gaban dama ya fara zubar da mai kafin wata 3. Ita kuma wutar gas tana kashe ƙarfin da aka gasa wa ƙarfen a masana'anta, shi ya sa bayan motar ya ƙara zama, ɓangaren hagu ya fi na dama, har yara a layi suna cewa motar ɗingishi take.

Tayoyi ma sun karkata, samansu ya shige ciki. Ka duba ta waje ka ga sababbi, ka sa hannu ta ciki ka ji sun zama sanƙo. Sau biyu ina kai ta alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, mai injin ya ce iya abin da zai iya ke nan.

Abin da ya sa na saduda ya faru ne a hanyar Bauchi, za mu ɗaurin aure da Bappana da ƙannena biyu. Gab da Alƙaleri na faɗa wani rami da ban hango ba. Motar ta yi tsalle, da ta dira muka ji ƙarar ƙarfe, sitiyari ya fara fizgata gefe. Allah Ya sa ba tirela a gabanmu. Da aka ɗaga ta da jak, sifirin ɗin gaba ya goce daga mazauninsa. Bakin sifirin na asali an lanƙwasa shi ne daidai da gurbin da yake zama, nawa kuwa yankakken baki ne, ga shi ya gajarce, da taya ta saki ƙasa sai ya yi sako-sako. Bappa bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Kai da hannunka ka biya aka yi maka wannan?" Na ce, "Eh, Bappa." Bai sake magana ba har Wunti, cikin garin Bauchi.

Abokaina na yawan cewa ai ba mai kama ka don ka yanke sifirin. Su jami'an hanya ba tambayar me ka yanke suke ba, lafiyar motar suke dubawa. A jerin laifuffukan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, akwai tuƙa mota mai naƙasa, akwai kuma tuƙi da tayar da ta cinye, kuma tawa ta cika duka biyun. Takardar lafiyar mota ta 'yan VIO, jami'an duba motoci, shaida ce a kan motar da aka gabatar musu, ba wadda ka datse wa ƙafafu daga baya ba. Inshorar da yawancinmu ke yanka kuwa, wadda ta koma naira 15,000 a 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, taka kai da aljihunka.

In har sai mota ta kwanta, akwai sifirin da aka ƙera gajere tun daga masana'anta, a haɗa shi da shokazoban da ya dace da shi, a yi alaimen. Da tsada, kuma ko shi ba zai sasanta ka da bam ɗin Pantami ba. Yankan dai, cikin taurari 5 na ba shi 1, shi ma don hotunan makon farko.

Na koma wurin dattijon nan ya saka mini sifirin huɗu 'yan Beljiyam, shokazoba biyu da tayoyin gaba. Kuɗin ya ninka na yankan fiye da sau goma. Da zan tafi yaronsa ya biyo ni da yankakkun a buhu, wai ko zan ajiye. Na ce ya kai wa 'yan gwangwan ya sha shayi.