Mai ɗuri ko sha-ka-yar: amsa ga ɗan'uwan da ke son rabuwa da sigari

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe kana shan sigari, kwali guda a rana, yanzu tari ya fara tashinka da asuba, kana son ka koma tabar lantarki ko Allah zai sa ka rabu da karan. Ka ga iri biyu a butik a nan Yamai: ƴar ƙaramar nan da ake ɗura wa ruwa ana yi mata caji, da wadda samari ke kira puf, a sha ta ƙare a yar. Kana tambayar wacce ta fi.

Mai ɗurin ta fi. Amma sai in za ka riƙa samun kayan canjinta da ruwa mai asali ba tare da wahala ba, kuma sai in za ka ajiye sigarin gaba ɗaya. In ɗayan biyun nan ya gagara, kuɗinka kawai za ka ƙara kashewa. Wanda kuma ke karanta wannan bai taɓa shan taba ba, babu abin da zai ƙaru da shi a cikin ko wacce, sai jarabar da ba ya da ita a da.

A ciki duk aikinsu ɗaya ne. Akwai batir, akwai ƴar siririyar waya naɗe da auduga, akwai ruwa. In ka zuƙa, batir ya ɗumama wayar, ruwan da audugar ta tsotsa ya zama tururi. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin wannan a 2003, kuma har yau yawancinsu daga birnin Shenzhen suke fitowa, ko wane suna aka buga a jiki. Abin da ya raba su da sigari shi ne babu ƙonewa. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma galibinsu daga ƙonewar ganyen suke fitowa. Nikotin shi ke kama mutum ya hana shi bari, kwaltar hayaƙin da iskar gubar da ke tare da ita su ne suka fi yin kisan. Tururin ma ba iska mai tsabta ba ce, yana da nasa dattin, sai dai bai kai na hayaƙi ba.

Inda mai ɗuri ta yi wa puf nisa shi ne wajen ƙarfin nikotin, kuma a nan nake son ka tsaya ka duba da kyau. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ƙayyade kada ruwan ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, wato abin da ake rubutawa 2% a kwali. Puf da yawa da ke yawo a kasuwannin da babu irin wannan iyaka za ka ga an rubuta 5%, miligiram 50 ke nan, ninki biyu da rabi. Kuma irin nikotin ɗin da ake zuba musu an sarrafa shi yadda ba ya kartar maƙogwaro, ga zaƙin mangwaro ko kankana a kai, sai mutum ya yi ta zuƙa bai san yawan abin da ya shiga jikinsa ba. Karan sigari yana da ƙarshe, ka kunna, ya cinye, ka taka guntun. Puf tana aljihu daga safe har dare, a fada, a kan moto, har kan gado. Mutum ya shigo don ya rage jaraba, ya wayi gari jarabar ta fi ta da. Jiri, tashin zuciya, ciwon kai da bugun zuciya da sauri duk alamun nikotin ya yi yawa ne.

Da mai ɗuri kai ke zaɓen ƙarfin. Mai shan kwali a rana kamarka yakan fara da miligiram 18 ko 20, don in ya fara da mai rauni ba zai ƙoshi ba, kafin la'asar ya koma wajen mai tebur ya sayi kara biyu. In jiki ya zauna, wata da watanni ba ka taɓa sigari ba, sai ka sauko 12, daga nan 6, daga nan 3, har ka kai ruwan da babu nikotin a ciki. Kamar yaye ne, ba a yi wa yaro shi rana ɗaya. Puf ba ta ba ka wannan matakalar, abin da aka rufe a ciki shi za ka sha.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ƙaramar puf mai mililita 2, wadda ake rubuta wa zuƙa 600, in ta ƙare ka sake biyan kuɗin sabon batir da sabuwar roba. Kwalbar ruwa mai mililita 10 daidai take da irin waɗannan guda biyar. Mai ɗuri za ta ci maka jikkuna a ranar farko, bayan nan ruwa da kan na'urar, wato tankin da wayar ɗumamawar, kawai kake saye. Ka tambayi farashin kwalba ɗaya da na kai ɗaya, ka kwatanta da na puf biyar, ka kuma kwatanta da abin da kwali talatin ke ci maka a wata. Manyan puf ɗin nan da ake rubuta wa zuƙa 5,000 ko 10,000 kuwa, lissafin kamfani ne na gajeren zuƙa, kuma waya ɗaya da auduga ɗaya ne za su yi aikin tun daga farko har ƙarshe, ba a canza su. Shi ya sa ɗanɗanon ke komawa ƙauri tun ruwan bai ƙare ba.

Yanzu sharaɗin farko. Na'urar kanta ba ita ce matsala ba, ƙananan nan irin Vaporesso XROS ko Uwell Caliburn duk tsarinsu kusan ɗaya: ƙaramin batir, tankin mililita 2, caji da wayar USB-C irin ta salula. Abin da ke ƙarewa shi ne kan, wato tankin da wayar ɗumamawar. Sati ɗaya zuwa biyu yakan yi, ruwa mai zaƙi sosai yana saurin kashe shi. Kuma kan wannan kamfani ba ya shiga na wancan. Ɗan kasuwa ya tafi Dubai ko Sin ya kawo kwali ɗaya na wani samfuri, ya sayar ya ƙare, zuwa na gaba ya kawo wani daban, kai kuma ka zauna da na'ura lafiyayya babu kai. Saboda haka kafin ka kalli launi ko kyan jiki, ka tambaya: kan nan akwai shi a butik nawa a garin? In mutum ɗaya ne ke da shi, ka bar ta. In kana yawan tafiya Tawa ko Ƙonni, ka sayi na wata biyu ka riƙe. A nan ne kaɗai puf ta fi sauƙi, ba ta neman komai daga gare ka, kuma wannan sauƙin ne ya sa ta cika hannun yara.

A jikin kan za ka ga lamba, 0.6, 0.8, 1.0 ko 1.2. Mai barin sigari ya ɗauki 1.0 ko 1.2, zuƙarsa matsattsiya ce irin ta sigari, ba ya shan ruwa da batir da yawa. Masu ƙaramar lamba na masu son tara tururi ne kamar shisha, kai ba wasa ka zo yi ba. In ka ɗura wa sabon kai ruwa, ka bar shi minti biyar zuwa goma audugar ta jiƙa kafin ka zuƙa, in ba haka ba ta ƙone tun ranar farko. Duk lokacin da ka ji ƙauri ka tsaya, ka canza kan, domin audugar da ta bushe tana ƙonewa tana fitar da abubuwa masu cutarwa.

Ruwan shi ne inda na fi jin tsoro. Na asali abu huɗu ne: furofilin gilaikol, gilisarin, nikotin da ƙamshi. Ka sayi kwalba a rufe da hatiminta, mai sunan kamfani, ƙarfin nikotin da ranar lalacewa a jiki. Kada ka yarda da wanda aka ɗura a kwalbar da babu rubutu, komai arharsa, kada kuma ka zuba mata turare, mai, zuma ko wani haɗin gida. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka wata cutar huhu ta kwantar da mutum sama da 2,800 a asibiti, 68 suka rasu, kuma binciken hukumar lafiyarsu ya gano yawanci daga ruwan wiwi ne na bayan fage da aka gauraya da wani mai na bitamin E. Huhu ba ya jure mai. A wannan fannin ma mai ɗuri ta ɗan fi, don kwalba kana ganin abin da ke ciki, in ya yi duhu ya tsufa za ka gane. Puf a rufe take, ba ka san wata nawa ta yi a kan tebur cikin rana ba. Jabu kuma akwai a duka biyun. Manyan kamfanoni suna sa lambar da ake kankarewa a kwali a duba a shafinsu na intanet, ka duba tun kana gaban mai butik.

Sai zafinmu. A Afrilu da Mayu Yamai takan kai digiri 45, kuma batirin litiyom ba ya son a yi masa caji cikin irin wannan zafin. Kada ka bar ta a ƙarƙashin kujerar moto ko gaban gilashin mota, kada ka sa ta caji ka kwanta barci da ita kusa da matashi. In jikinta ya kumbura ko tana zafi ba dalili, ta gama aiki. Zafi kuma yana tsinka ruwan, sai ya riƙa yoyo cikin aljihu, don haka a tsaye ake ajiye ta, a inuwa. Lokacin hunturu ƙura na shiga bakin, ka riƙa gogewa. Ɗaukewar wuta ba babbar damuwa ba ce, batirin ƙarami ne, abin cajin salula na tafi-da-gidanka ko sola yana cika shi cikin kamar awa guda. Puf ma batirin litiyom ne a cikinta, kowace ɗaya, kuma a bola take ƙarewa inda ake cinna wa shara wuta, yara na tsince-tsince. A Birtaniya an ƙiyasta ana yar da miliyan 5 kowane mako a 2023. Beljiyam ta hana sayar da su daga Janairun 2025, Faransa a Fabrairu, Birtaniya daga 1 ga Yuni, saboda shara da kuma yadda suke jan yara. Masu ɗuri ba a hana su ba a ƙasashen nan uku.

In akwai ƙananan yara a gidanka, a nan mai ɗuri ce ta fi haɗari. Kwalbar mililita 10 mai ƙarfin 20 tana ɗauke da miligiram 200 na nikotin, tana ƙamshin alewa, kuma kaɗan daga ciki ya isa ya jefa yaro cikin mummunan hali. A kulle take zama, ba a kan talabijin ba. In yaro ya sha, asibiti kai tsaye, a tafi da kwalbar. Kada ka busa tururin a ɗaki kusa da yara ko mai juna biyu.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda mutane suka fi faɗuwa a kai: tabar lantarki a ofis ko a gida, sigari a fada bayan shayi. Wanda ke haɗa biyun bai tsira daga hayaƙin ba, ko kara ɗaya a rana yana ƙara haɗarin ciwon zuciya sosai. Ka sa rana, ka ba da sauran kwalin da ashanar, ka gaya wa abokan fada kada wanda ya miƙo maka.

Ko tana taimakawa a bari? A wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2019, an raba masu shan sigari 886 gida biyu. Waɗanda aka ba tabar lantarki mai ɗuri, kashi 18 cikin ɗari sun cika shekara ba sigari, waɗanda aka ba cingam ko filastar nikotin kuwa kusan kashi 10. Duka ɓangarorin suna zuwa wajen masu ba da shawara, ba saye kawai suka yi suka tafi gida ba. Kuma cikin waɗanda suka bari da tabar lantarkin, kashi 80 suna nan suna zuƙarta bayan shekarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a ɗauke ta a matsayin maganin barin taba, a Disambar 2023 ta yi kira ga ƙasashe su tsaurara mata doka, Indiya ma ta haramta ta tun 2019. Ni a ganina ga mai shan kwali a rana da ya gwada bari ya kasa, komawa mai ɗuri ya fi zama a kan sigari, matuƙar ya shiga da niyyar saukowa daga matakalar. Dokar yaƙi da taba ta ƙasarmu ta 2006 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ka ɗauki wannan ma haka, kada ka fito da ita a taksi ko ofis kana cewa ai tururi ne.

Tarin asubar nan kuma, kada ka jira na'ura ta warkar da shi. Ka je likita ya saurari ƙirjinka, musamman in ya wuce sati biyu, ko kana ganin jini, ko kana ramewa, don tarin fuka ma haka yake farawa. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya ka gaya masa kafin ka sayi ko wacce, ka kuma tambaye shi ko za a samo maka cingam ko filastar nikotin a farmasi.