Ciyar da Karen Farauta: Sau Ɗaya ko Sau Biyu a Rana?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi kare kare daga kumburin ciki da murɗewar tumbi: a cika masa kwano sau ɗaya, ko a raba masa abincin gida biyu.

Masu ciyarwa sau ɗaya suna da hujjarsu, domin karen da aka ba abinci da yamma yakan wayi gari cikinsa sakayau, ya yi gudu a daji ba tare da nauyi ba. Illar ita ce karen da ya yini da yunwa ba ya tauna, haɗiya kawai yake yi tare da iska, sai tumbin ya cika ya yi nauyi, kuma a irin wannan hali ne yake iya juyawa ya toshe mashiga da mafita, ya matse jijiyoyin jini, wani lokaci har ya ja saifa. Karnuka masu zurfin ƙirji da siririn ƙugu, irin Azawak na Nijar da Mali, su ne aka fi yi wa wannan tsoro.

Rabawa gida biyu tana rage yawan abin da ke shiga tumbi a lokaci guda, tana kuma rage haɗama. Ni ita nake zaɓa, amma a ranar fita farauta abincin safe ya zama ɗan kaɗan, awa biyu kafin tashi, babban kuwa sai an dawo, haki ya lafa, ya huta kamar awa guda. Ruwa ma a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada a bar shi ya kafa kai a bokiti. Idan karnukan suna da yawa, a raba musu kwano, domin wawaso a kan ɗumamen tuwo shi ke sa su gaggawa.

Kwanon kuma a ajiye shi a ƙasa. A da ana ba da shawarar ɗaga shi, amma binciken Jami'ar Purdue ta Amurka na shekarar 2000 ya danganta ɗagaggen kwano da ƙarin haɗari ga manyan karnuka.

Idan ka ga kare yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, miyau na dalala, ya kasa kwanciya, ciki ya ɗaure kamar ganga, kada ka tsaya ɗura masa jiƙo ko manja. Murɗaɗɗen tumbi sai tiyata, kuma cikin 'yan awoyi yake kisa, saboda haka a garzaya da shi wurin likitan dabbobi ko da tsakar dare ne.