Gargaɗi ga masu sayen eriya a Jos: akwai mai sayar da bututu da rizista a ciki

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar rediyon sadarwa, musamman na Jos da Bukuru da kewaye. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, amma da na ji an cuci wani matashi na biyu a hannun mutum guda, sai na ga shiruna ya fara zama haɗin baki.

Akwai wani mutum da ke tallar eriya a Facebook da zaurukan WhatsApp. Yana cewa shi wakili ne na wani babban kamfanin ƙasar Japan, kayansa kuma suna Abuja. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ƙorafina yana gaban hukuma, kuma ko na ambata ba zai amfane ku ba: sunan da ya gaya mini daban, sunan da ke kan asusun da na tura wa kuɗi daban, wanda ya gaya wa matashin nan ma daban. Abin da ba ya sauyawa shi ne salonsa, shi ya sa zan ba ku labarin salon dalla-dalla.

Eriya nake nema ta tsaye, ta zangon mita 2, wato daga megahaz 144 zuwa 146, wadda zan kafa a kan rufi kafin damina ta faɗi. Ya turo mini hoton wani farin bututu mai sheƙi, tsayinsa kamar mita ɗaya da rabi, da tambarin kamfani a jiki, an rubuta ƙarfinta dBi 12 (dBi ma'auni ne na yadda eriya ke tattara ƙarfin sigina). Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na san ana sayar da irinta ba. Na tambaye shi dalili, ya ce: "Yallaɓai, ragowar odar wani kamfani ce, guda uku suka rage, in ba ka biya yau ba gobe babu." Na ce zan aiko ƙanena da ke Abuja ya duba da ido. Ya ce shagon ana gyara, kayan suna sito, mai makullin ya yi tafiya. Nan ya kamata in tsaya. Cinikin biri a sama na yi, na tura kuɗin, bayan kwana biyu direba ya kira ni na je tashar Bauchi Road na karɓi kwali.

Babu rasit a ciki, babu takardar garanti, babu littafin da ke nuna yadda ake haɗawa. Duk da haka na hau rufi na ɗaura ta, na jona na'urar awon SWR. Ga wanda bai saba ba, wannan awo yana nuna yawan ƙarfin da ke dawowa cikin rediyo maimakon ya fita ta eriya. In ya nuna 1.5 ko ƙasa da haka, lafiya lau. In ya haura 2, yawancin rediyoyin zamani su kan rage ƙarfinsu don kare kansu. Tawa ta nuna 1.1. Raina ya yi fari ƙal, har na tura wa mutumin saƙon godiya.

Da dare na kira wani dattijo da muke gaisawa ta iska daga Bukuru. A da, da 'yar eriyar da na haɗa da hannuna, wayar jan ƙarfe mai tsayin kusan santimita 50 da ƙafafu huɗu a ƙasanta, yana jina tar. Ranar nan sai kira nake, shiru. Na koma wayar salula na ce: "Baba, ba ka jina ne?" Ya ce: "Ɗana, ina jin wani abu can ƙasa-ƙasa cikin shuu, kamar mai magana daga rijiya. Me ka taɓa?" Na ba shi labari, har da alfaharin awon nan na 1.1. Ya yi jim, sannan ya ce kada in ƙara mata wuta, zai zo da safe.

Ban ji maganarsa ba. Na ɗauka ƙarfi ne ya yi kaɗan, na ɗaga daga wat 5 zuwa wat 50, na danna. Ba a yi daƙiƙa goma ba allurar awo ta tashi ta bugi ƙarshe, rediyon ya yanke da kansa. Allah Ya taimaka bai ƙone ba.

Washegari Baba ya zo da ƙaramar jakarsa. Muka sauke eriyar, muka shimfiɗa ta a kan tabarma a tsakar gida, ya sa zarto ya yanka bututun daga gindi. Wari ne ya fara fitowa, irin na robar da ta ƙone. A ciki, inda ya kamata a ga sandunan ƙarfe da naɗe-naɗen waya da aka auna tsayinsu daidai, babu komai sai wata siririyar waya guda da aka liƙe da gam, ba ta ma kai rabin bututun ba. Ya kai maganaɗisu kusa da ita, ta manne caraf: baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. A gindi kuma, daidai bakin mahaɗar waya, ga wata 'yar rizista, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki mai rage gudun wuta ya mayar da ita zafi, ta yi baƙi ƙirin ta tsage. Ya ɗago ta a tafin hannunsa ya ce: "Ka ga abin da ka saya. Wannan ce ta sha wutarka."

A nan damfarar take, kuma ina roƙon ku fahimce ta da kyau, domin ba ta jahilci ba ce, wanda ya ƙulla ta ya san aikin. Rediyoyinmu an ƙera su ne su ga om 50 a bakin eriya (om shi ne ma'aunin yadda abu ke turje wa gudun wutar lantarki). In ka jona rizista mai om 50 kawai, ba tare da wata eriya ba, awon SWR zai nuna kusan 1 cif, domin babu abin da ke dawowa. Sai dai babu abin kirki da ke fita iska kuma, duk ƙarfin zafi yake zama a jikin rizistar. Wato an yi amfani da awon da muka fi yarda da shi wajen rufe mana ido. Mai saye zai gwada, ya ga lamba mai kyau, ya yaba, ya tura wa abokai lambar mutumin, kafin gaskiya ta fito an kwashe kuɗin mutum biyar.

Hanyar gane wannan ba ta da wuya. Eriya ta gaskiya tana da wurin da take kwanciya: in ka bi ta da na'ura irin NanoVNA, mai zana awon SWR a matsayin layi a faɗin zango, za ka ga layin ya faɗo a tsakiyar zangon da aka yi ta dominsa, ya sake hawa ta gefe da gefe. In ka ga layi a miƙe shamɓal daga megahaz 130 har 170, ka yi zargi. Ko da mitar masu gyaran rediyo ta awon om ma za ka iya: ɗora tsinke ɗaya a tsakiyar mahaɗa, ɗaya a jikinta. Eriyoyin tsaye na ƙwarai yawanci ko dai su nuna a buɗe, ko su nuna a haɗe kusan sifili, gwargwadon ƙirarsu. In mitar ta tsaya a wajen om 50, akwai abin da aka ɓoye a ciki.

Sai batun lambar nan ta dBi 12, wadda ita ta fi jan hankalina tun farko, kuma ita ya kamata ta kore ni. Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, tattara shi take ta fuskantar da shi wani sashe, kuma a eriyar tsaye wannan tattarawa da tsayi ake samunta. Ku duba abin da kamfanonin da suka san mutuncin kansu ke rubutawa. Eriyar X50 ta Diamond tsayinta mita 1.7 ne, kuma 4.5 suka rubuta mata a zangon mita 2. Babbar yayarta X510, mai tsayin mita 5.2, ita ce ta kai 8.3. To ta yaya bututun mita ɗaya da rabi zai ba da 12? Ku kuma lura da harafin ƙarshe: tsakanin dBi da ɗayan ma'aunin da ake kira dBd akwai bambancin 2.15, kuma masu talla sun fi son dBi saboda lambarsa ta fi girma.

Na koma wa mutumin da hotuna. Da farko ya ce tsawa ce ta faɗa mata, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba a lokacin. Daga baya ya ce wayar da na jona eriyar da ita ce ba ta da kyau, in sayi tasa. A ƙarshe ya ce in turo kuɗin mota zai aiko da wata. Da na ƙi, ya rufe lambata, shafinsa ya yi ɓatan dabo. Bayan makonni ya ɓullo da sabon suna da hotunan nan dai, ya kama matashin da na ambata, ɗalibi ne, kuɗin da ya tara wata da watanni.

Wannan ya sa nake cewa kafin ku tambayi farashi, ku tambayi abin da zai faru bayan an saya. A Jos muke, tudun da ya haura mita 1,200 daga teku. Iskar farkon damina tana ɗaye rufin kwano, wani lokaci har da ƙanƙara. Eriyar da za ta zauna a kan rufinmu dole wata rana ta nemi sabon maɗauri ko noti ko roba mai hana ruwa shiga. Mai sayarwa na gaskiya zai nuna maka littafin haɗawa mai ɗauke da tsayi da nauyi da yawan wat da take ɗauka da ƙarfin iskar da za ta jure, zai gaya maka inda ake samun kayan gyara, zai rubuta maka rasit da sunan shagonsa, wanda za ka iya bincikawa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. In ya ce shi wakili ne, rubuta wa kamfanin da kansa ka tambaya. Ni sai bayan da aka cuce ni na yi haka. Babban suna ma ba ya wadatarwa. Kamfanin MFJ na Amurka, wanda a lokacin shi ke da sunayen eriyoyin Hy-Gain da Cushcraft, ya daina ƙera kaya a masana'antarsa ta Starkville a watan Mayun 2024. Don haka duk wanda ya kawo muku kaya masu waɗannan sunaye da alkawarin garanti, ku tambaye shi a hannun wa garantin yake yanzu, kuma ya nuna a rubuce.

Kada ku tura kuɗi gaba ɗaya kan hoto. Ku sa wani naku ya je ya gani, ko a yi yarjejeniyar biya bayan gwaji, gwajin kuma ya zama na magana da wani da ke nesa, a kwatanta da tsohuwar eriyarku a wuri ɗaya, da waya ɗaya, da ƙarfi ɗaya. Wanda abin ya riga ya faɗa wa, ya sanar da bankinsa nan take, ya adana saƙonni da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙorafi wurin 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Bututun da muka yanka yana nan a wurina tare da rizistar da ta ƙone, na ajiye su a matsayin shaida. Na mayar da tsohuwar eriyata kan rufi, kuma a daren jiya Baba ya ji ni tar daga Bukuru da wat 5. Duk wanda ya sayi farin bututu irin wannan a 'yan watannin nan, don Allah kada ya ba shi wuta mai yawa kafin a auna shi. Ya kawo, Baba ya ce zai duba wa kowa kyauta.