Kwas ɗin da ya hana ni zuba wa magena miyar gida

Shekara uku ina kiwon magena a kan ragowar abinci: shinkafa da miya, kan kifi, wani lokaci guntun nono in an dama fura. Da gashinta ya fara zuba, zawo ya ƙi tsayawa, sai na kai ta wurin likitan dabbobi. Tambayarsa ta farko ita ce, "Hajiya, me take ci?" Da na lissafa masa, ya ce, "Ai maganin yana cikin kwanonta." A daren na shiga neman kwas a intanet kan abincin karnuka da maguna.

Na leƙa Coursera, Udemy da Alison. Akwai na kyauta, akwai masu tsada. Abin da na fi dubawa shi ne mai koyarwar. Duk wanda bai nuna cewa likitan dabbobi ne ba, ko wanda ya buɗe darasi da tallar garin ƙarin lafiyarsa, wuce shi nake yi. Na tsaya kan wani da wata likita ke koyarwa, kuɗinsa bai kai na ƙaramin buhun abincin mage na kanti ba.

Darasi na biyu kaɗai ya biya ni. A nan na ji cewa mage ba ƙaramin kare ba ce, halittarta ta cin nama ce zalla. Jikinta ba ya haɗa isasshen sinadarin taurin, sai ta same shi a nama, musamman zuciya. In ya yi ƙaranci, zuciyarta ta kumbura ta raunana, ido ma ya lalace. A 1987 ne masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gano alaƙar wannan sinadari da ciwon zuciyar maguna. Sai batun albasa da tafarnuwa: ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta. Wallahi gabana ya faɗi, don wace miya ce muke yi babu albasa? Nono kuwa, yawancin manyan maguna ba sa iya narkar da sukarin cikinsa, ga tushen zawon nan. Tsoka zalla ma ba mafita ba ce, don ba ta da isasshen kalsiyam, ƙashi sai ya yi laushi. Hanta kullum kuma tana tara bitamin A har ya zama guba.

Abin da na fi so shi ne awon jiki da hannu, mai mataki 1 zuwa 9, inda 5 ke daidai ga mage. Na ɗora ta kan cinyata, na bi haƙarƙarinta da yatsu kamar yadda bidiyon ya nuna. Ƙasusuwan na tokare mini hannu ɗaya bayan ɗaya, ashe gashi ne ke rufe ramar. Na ba ta 3, na kuma ji kunyar kaina.

Inda kwas ɗin ya gaza: don mutanen Amurka aka shirya shi. Awo da fam da oza ne, ni kuwa sikelin kicin ɗina giram ya sani. Abincin gwangwanin da ake misali da shi ba a samunsa a kasuwarmu, babu ko kalma kan zafi irin na watan Afrilu, wanda ke lalata jiƙaƙƙen abinci kafin azahar. Bidiyon na cin data sosai, sai da na riƙa sauke su cikin dare. Takardar shaidar da ake bayarwa ba ta sa mutum ya zama likita, kada wani ya saya dominta.

Na kwashi abin da na rubuta na koma wa likitan, muka tsara abinci da abin da ke kusa: busasshen abincin kanti mai cikakken sinadari, da ɗan dafaffen naman kaza ko zuciya, ba gishiri ba magi. Wata biyu ke nan, zawo ya tsaya. Jiya na sake shafa haƙarƙarinta, ta kai 4.