Makarantar kwalliyar da na yi a Zoo Road: ta amare ta cika, ta fim da saura

Tambayar da ta fi shigo mini a waya ita ce a ina na koyi kwalliya, kuma ko wurin ya ci kuɗinsa. Ba zan faɗi sunan shagon ba, domin cikin abin da zan rubuta akwai wanda ba yabo ba ne, kuma matar da ta koyar da ni tana da haƙƙi a kaina. Wani bene ne a layin da ke bayan Zoo Road a Kano, unguwar da ofisoshin 'yan fim suka fi yawa. Mai wurin, wadda kowa ke kira Anti, ta daɗe tana bin lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, tana yi wa jarumai kwalliya kafin ta buɗe shagon amare, kuma har yau tana haɗa biyun. Ajin na wata uku ne, Litinin zuwa Alhamis, daga hantsi zuwa azahar. Kuɗin makaranta da na akwatin kayan aiki sun cinye adashin da na ɗauka gaba ɗaya.

Idan kwalliyar amare kike so ki mayar sana'a, wurin ya ci kuɗinsa har da ƙari. Idan fim ne ya kawo ki, rabin hanya za a kai ki a ajiye.

Makonnin farko ko jan baki ba mu taɓa ba, fata kawai muke karanta. Anti takan zaunar da mu biyu-biyu a bakin taga, ta kashe fitila, ta ce kowa ta dubi fuskar 'yar uwarta ta faɗi abin da ta gani. Mu da muka tashi muna raba mutane gida uku, baƙa, wankan tarwaɗa da fara, sai ga shi ana nuna mana cewa mata biyu za su iya zama duhu ɗaya amma fatar wannan ta karkata ga ja, ta waccan ga rawaya. Fandeshin, wato shafin da ake fara yi wa fuska don daidaita kalarta, wanda ya zauna wa ta farko, idan aka shafa wa ta biyu sai ta koma kamar an bula mata toka. A gefen muƙamuƙi ake gwada kala, inda fuska ta haɗu da wuya, ba a bayan hannu ba. A ja layi uku, a dakata 'yan mintoci, domin wani fandeshin yakan ƙara duhu idan ya sha iska ya haɗu da maiƙon fata. Wanda ya ɓace a jikin fatar, shi ne nata.

Yanzu kam an samu sauƙin kaloli. Tun da Fenty Beauty ya fito da kala 40 a lokaci guda a 2017 sauran kamfanoni suka shiga faɗaɗa nasu, ga kuma na gida irin su House of Tara da aka kafa a Legas a 1998, da Zaron, waɗanda dama don fatarmu suke yin kayansu. Duk da haka Anti ba ta yarda ɗalibarta ta dogara da kwalba ɗaya ba. Uku take sa mu riƙe, mai duhu, matsakaiciya da mai haske, mu riƙa haɗawa a kan faranti har mu samo kalar. Dalilinta mai ƙarfi ne: amarya ɗaya za ki yi wa, amma ƙawayenta da yayyenta da gwaggonninta duk za su zauna miki a kujera, kuma ba ki da jarin sayen kwalba arba'in.

Darasin da ya fi taɓa ni shi ne na fatar da man bilicin ya ci. Babu mai kwalliyar da za ta yi wata guda tana aiki a garin nan ba ta haɗu da ita ba. Fuska ta yi haske, wuya da kunne da gaɓoɓin yatsu sun tsaya a duhunsu, kumatu sun yi ja, wani lokaci har jijiyoyi kore suna nunawa saboda fatar ta yi siriri. Irin wannan fata ba ta son gurza, ba ta son kaya mai ƙamshi, kuma ba ta riƙe hoda da kyau. An koya mana a fara kashe duhun da ɗan konsila, wato man rufe tabo, mai ruwan lemo, a ɗora kala a hankali da jiƙaƙƙen soso, ana dannawa ba gogawa ba, sannan a sauko da ita har wuya da kunne don kada fuska ta rabu da jiki a hoto. Anti ba ta sayar da man haske a shagonta ko da an roƙe ta, alhali riba ce a fili, kuma takan gaya wa amare su daina haɗe-haɗen da ake yi musu saura mako biyu biki. Haka take tsoron baƙin lalle, domin sinadarin rinin gashi da ake zuba masa yakan tayar wa wasu da ƙuraje da kumburi. Wannan ya ƙara mata daraja a idona.

Sai yanayin gari. A hunturu fata takan bushe ta yi fari-fari, leɓe ya tsage, don haka rabin aikin shafa mai ne da jira ya shige kafin a ɗora komai. A watan Afrilu kuwa, da zafin Kano ke haura digiri 40, ga ɗaki cike da mata, ga wuta an ɗauke, kaya mai kauri narkewa yake. Dabarar ita ce shimfiɗa siririya a kan siririya, hoda kaɗan a goshi da hanci da haɓa, a feshe da ruwan kama kwalliya, a kuma bar wa babbar ƙawa takardar tsane maiƙo a jakarta.

Abin da ba za ki samu a bidiyon YouTube ba shi ne yadda Anti take tsara aiki da lokacin salla. Kwalliyar zamani tana hana ruwa taɓa fata, kowa ya sani. Saboda haka tambayarta ta farko ga amarya ita ce, "Ƙanwata, kin yi alwala?" Idan kamu ne da yamma, sai an yi la'asar take zaunar da ita, idan dina ce sai bayan magariba. Gira ma ba ta askewa sai wadda ta nema da bakinta, tunda gidaje da yawa ba su yarda da aske gira ba. Da jagira da konsila da siririn buroshi take fitar da ita tsaf, ba a cire gashi ko ɗaya ba. Wannan kaɗai ya kawo mini amare daga gidajen da da ba sa kiran mai kwalliya.

A wata na biyu ta fara ɗaukar mu gidajen biki, mu riƙe akwati da fitilar zobe. A wani gida a cikin gari, amaryar baƙa ce kyakkyawa, fatarta ta sha dilka da halawa tana sheƙi. Anti ta haɗa kala ke nan sai mahaifiyar ta leƙo, ta dubi farantin, ta ce, "Baiwar Allah, wannan ai ya yi duhu. Ki ɗan haska min ita mana, dangin miji duk farare ne." Anti ba ta yi musu ba. Ta ce, "To Hajiya, bari ki gani da idonki." Ta shafa mai hasken a kumatu ɗaya, ainihin kalar yarinyar a ɗayan, ta kunna filashin waya ta ɗauki hoto ta miƙa mata. Ɓangaren da aka haska ya fito fari fat, ya rabu da wuya, ɗayan kuwa sumul. Hajiya ta jima tana kallon wayar, sannan ta ce, "Bar min 'yata yadda Allah ya yi ta." Hasken da take so Anti ta ba ta shi a ƙasan ido da doron hanci da tsakiyar goshi, daidai inda haske ke sauka a fuska. Da aka ɗaura ashoke aka yafa mayafi, kakar yarinyar ta shigo tana guɗa tana kiran sunanta. Ni a wurina ranar nan ta fi makonni na zaman aji, domin na ga yadda ake ƙin bin maganar babba ba tare da an ɓata mata rai ba.

Tsafta ma ba a wasa da ita a shagon. Ana wanke buroshi kullum, ana fesa wa kayan ido sifirit, jan baki a ɗebo a faranti, ba a kai shi leɓe kai tsaye. Duk wadda ta ga yadda afolo ke zagaye gida ta san dalili.

Ɓangaren fim ne ya bar ni da ƙishirwa. Abin da aka koyar mai kyau ne. Mun gane cewa a fim ba kyau ake nema ba, labari ake bi: matar da aka ce tana fama da talauci a ƙauye ba za ta fito da gashin ido da gira a zane ba, ko da jarumar ta so. Maza ma ana shafa musu hoda saboda goshi na ƙyalli a ƙarƙashin fitilu. An nuna mana gilisarin don gumi da hawaye, da jinin ƙarya da ake haɗawa da ruwan sukari mai kauri da jan kalar abinci da ɗan koko don ya yi duhu, da yadda ake yin ciwo da ruwan roba da tishu. Sai babban abu, wato ci gaban shiri. Fitowar da mai kallo zai gani a jere cikin minti biyu, ƙila yau aka ɗauki rabinta, sauran sai mako mai zuwa. Idan ƙujewar tana kumatun hagu, dole ta dawo kumatun hagu da girmanta da kalarta. Don haka kowace fuska da aka gama sai an ɗauke ta hoto ta gaba da ta gefe, a rubuta lambar fitowa. Yanzu da finafinai masu dogon zango suka mamaye Arewa24 da YouTube, wannan aikin ya ƙara nauyi.

Amma duk wannan a cikin mako biyu aka dunƙule shi. Kayan Kryolan na Jamus da na Ben Nye na Amurka, waɗanda aka san su a harkar fim da dandamali, daga nesa muka gan su, domin na aikin Anti ne kuma suna da tsada. Mayar da matashi tsoho a baki kawai aka yi mana bayaninsa. Lokeshan kuwa leƙawa muka yi, muna tsaye a gefe. Ba wanda ya zaunar da mu ya gaya mana yadda ake shiga harkar, ko batun rajista da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ko yadda ake yin ciniki da furodusa. Tunda da sunan fim da amare aka tallata ajin, ya kamata a ba fim haƙƙinsa, ko a ware masa aji na daban.

Akwatin kayan da aka sayar mana ma bai kai kuɗinsa ba. Buroshin suna zubar da gashi tun wankin farko, kuma wasu kayan babu lambar NAFDAC a jikinsu. Da an ba mu jerin sunaye mun shiga kasuwar Sabon Gari da wadda ta san jabu da na gaske, da mun fi samun masu kyau. Ɗalibai kuma sun yi wa ɗakin yawa, madubi bai isa ba. Ga shi idan lokacin bukukuwa ya kama, Anti takan ɓace kwanaki, a bar mu da yaran shago. Suna da hannu, amma iya yi daban, iya koyarwa daban. Maganar kuɗi ma ba a taɓa ta ba: nawa za ki caji amarya, nawa ƙawaye, ɗaurin kallabi a ciki yake ko daban, kuɗin mota wa zai biya, kafin alƙalami nawa za ki karɓa don kada a soke miki aiki ana gobe biki. A wurin wasu da suka riga ni na tsinci waɗannan.

Wadda ta yanke shawarar zuwa, ta nemi a cire mata kuɗin akwati ta sayi kayanta da kanta, ta kuma tambaya tun kafin ta biya sau nawa za a kai ta lokeshan. Lokacin farawa ma a duba shi. Bukukuwa sun fi yawa a Sha'aban, da bayan salla, da Disamba. Ki daidaita makonninki na farko su faɗo a cikin azumi, lokacin da biki ya ɗauke kuma Anti tana zaune a shago, ta yadda darasin fata daga bakinta za ki ji shi. Kafin bukukuwan bayan salla su kankama kin isa riƙe mata akwati.